Idan Riƙon Maraya Ya Faɗo Hannunki

Ranar sadakar bakwai ta ƙanena, bayan 'yan gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, maza suka zauna a zaure, mu mata muna tsakar gida, aka ɗauko maganar yara. Uku ya bari: namiji ɗan shekara tara, mace 'yar shekara shida, sai na goye. Kafin a kira la'asar an gama rabo. Babban a kai shi wurin baffansa a wani gari, macen a ba ni, na goyen ya zauna da uwarsa har a yaye shi. Kowa ya ce Allah ya sa albarka, ni ma na ce amin. Babu wanda ya leƙa ɗakin matar da ke takaba ya ji ta bakinta, balle a tambayi yaran.

Shekara biyu muka yi muna gyaran ɓarnar da wannan rabon ya yi. Daga baya, da na yi ritaya daga koyarwa a firamare, na riƙa zuwa wani gidan marayu a nan Kano ina koya wa yara karatu da yamma. Abin da zan faɗa miki daga waɗannan wurare biyu na samo shi, ɗakina da wancan gidan. Da ke nake magana, 'yar'uwa, domin duk abin da maza suka yanke a zaure, a ɗakinki yaron zai kwana, kuma ke za ki tashi idan ya yi kuka da dare.

Kafin a ɗauke shi daga wurin uwarsa

Tambayar farko ita ce, shin dole ne ya tashi daga inda yake? Mun saba da cewa ɗa na dangin uba ne, amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, uwa ce ta fi kowa cancantar riƙo. Idan ta rasu ko ta yi aure, kakarsa ta wajen uwa ke biye mata, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a zo kanmu mu goggonni. Riƙon namiji yana nan har ya balaga, na mace har ta tare a gidan miji. Ciyarwa da kula da dukiya su ne suka fi rataya a wuyan maza. Mu a ranar nan mun haɗa su duka mun ɗora a kan dangin uba, don ba mu tambayi malamin da ya sani ba.

Takaba wata huɗu ne da kwana goma. A bar yara su yi su a gefen uwarsu, a cikin ɗakin da suka sani, dangi kuma su yi amfani da lokacin su yi lissafi: haya nawa ce, buhun hatsi nawa ake ci, kuɗin makaranta nawa ne, wace sana'a matar ta iya. Sau da yawa abin da za ki kashe wa yaro a gidanki, da za a miƙa wa uwarsa shi duk wata, ya isa ya zauna a hannunta. A gidan marayun da na yi aiki, yaran da na fi gani ba waɗanda suka rasa kowa ba ne. Uwa tana nan da ranta, talauci ne ya kawo su, ko kuma sabon miji ya ce ba ya riƙon agola. Keken ɗinki ko injin markaɗe da ɗan jari da sun hana wasunsu zuwa.

Idan kuma babu makawa sai an ɗauke su, kada a raba su kamar kayan gado. Yarinyar da aka ba ni, watanninta na farko tambaya ɗaya take yi mini idan an zuba abinci: Goggo, Yaya ya ci? Shi kuwa can wurin baffansa, duk da ba a rage shi da komai ba, sai ya koma fitsarin kwance, yaron da ya daina tun yana ɗan shekara uku. Karatunsa ya lalace. Da uwarsu ta yi aure na je na roƙi yayana ya ba ni shi, na haɗa su ukun a ɗaki ɗaya. Wata biyu bai cika ba fitsarin ya tsaya. Wanda ya rasa uba, ɗan'uwansa ne abin da ya rage masa na wancan gidan.

Sai maigida. Kada ki kawo yaro a kan "to" ɗin da aka faɗa a gaban jama'a ranar makoki. Ki same shi ku biyu ku yi magana a fili: ina zai kwana, wa zai biya makaranta, idan ya yi laifi wa zai hukunta. Idan kina da abokiyar zama, ita ma a sa ta cikin maganar, domin ranar girkinta ita za ta zuba masa. Ki tara naki 'ya'yan ki gaya musu cewa 'yan'uwansu za su zo, kuma zama za su yi ba baƙunta ba. Dangi kuwa, alkawarin da aka yi cikin hawaye da wuya ya wuce sadakar arba'in, kuma ba don mugunta ba, kowa hidimarsa ce ke janye shi. Abin da ya yi mana aiki shi ne kowa ya ɗauki abu ɗaya mai suna. Baffa ɗaya ya ɗauki kuɗin makarantar boko, kawunsu ya ɗauki Islamiyya, wata ƙanwarmu ta ɗauki kayan salla. Aka rubuta a takarda. "Zan taimaka" ba ta da ranar biya, amma farkon zango kowa ya san lokacinsa.

Takardu da suna

Wannan aikin yana da gajiya, kuma shi aka fi watsarwa. Tun kayan mamaci suna wuri ɗaya, ki nemi takardar haihuwar kowane yaro, katin rigakafinsa, sakamakon jarrabawarsa, da takardar shaidar rasuwar uban. Idan babu takardar haihuwa, ki je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarku, suna da wakilai a asibitoci da yawa ma. Daga nan a yi masa lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Tun shekarar 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita, kuma na ga yarinya mai ƙoƙari ta rasa shekara guda saboda sunan da ke takardar firamarenta daban, na sakandare daban, na lambar daban. Ki zaɓi rubutun suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ki tsaya a kansu ko'ina. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, asalin kuma ki sa a leda ki ajiye a ƙasan akwati.

Sunan kuwa na ubansa ne. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan iyayensu, kuma a kan haka aka daina kiran Zaidu ɗan Muhammadu aka koma Zaidu ɗan Harisa. Na san tausayi ne ke sa wasu su rubuta wa yaro sunan maigida a makaranta don kada ya ji ya bambanta. Amma ranar da zai ji gaskiya tana nan tafe, kuma yawanci a bakin wani zai ji ta, cikin faɗa ko gori, ko ranar neman aure. Gara ya tashi da ita a hankali, daga bakinki. Ya kira ki Umma ko Goggo, ya kira maigida Baba, wannan babu laifi. Takarda dai ta ɗauki sunan wanda ya haife shi.

Yaron da aka tsinta hukuncinsa daban ne. Ɗaukarsa wajibi ne a kan jama'a, idan wani ya yi ya ɗauke wa saura. Amma kada ki tsinci jariri ki shige da shi ɗaki ki yi shiru. Asibiti tukuna, domin sanyi da cibiya su ke kashe su. Sannan a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a Kano har da Hisba, su kuma su miƙa ga ma'aikatar mata da jin daɗin jama'a. Idan kina son riƙonsa, ta wurinsu za ki nema, a bincika gidanki, a ba ki takarda. Wanda ya tuna yara tara da aka sace daga Kano aka gano su a Anambara a 2019 ya san dalilin da ya sa ba a wasa da wannan. Takardar tana kare yaron, tana kuma kare ki. Kayan da aka same shi da su, zani ne ko laya ko kwali, a ajiye, a rubuta rana da wurin. Wata rana zai tambaya.

Watannin farko

A satin farko ki kai shi asibiti ko da lafiyarsa ƙalau. A duba jininsa a san ko yana da sikila, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kansa da fatarsa saboda makero da ƙazuwa da kwarkwata. Idan ƙarami ne kuma babu kati, ma'aikatan rigakafi sun san yadda za su ɗora masa daga inda aka tsaya. Tabon allurar tarin fuka a damtse yana nuna an fara, ta ƙyanda kuma a wata tara ake yi. Yaro tsakanin wata shida da shekara biyar, a sa masa ma'aunin damtse. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kunu da addu'a kaɗai ba za su ɗaga shi ba, a kai shi inda ake ba da abincin tamowa. Gidan sauro kuma tun daren farko.

Ciwon da ba a gani a asibiti shi ya fi daɗewa. Wata rana ina kakkaɓe shimfiɗar yarinyar sai na ji wani wari. Na ɗaga matashi na tarar da malmalar tuwo biyu a cikin leda, ɗaya har ta yi fumfuna. Raina ya ɓaci, na ɗauka ko tana nufin ba na ƙosar da ita. Allah ya taimake ni ban yi magana a lokacin ba. Da dare na tambaye ta a hankali, ta ce ta ajiye wa Yaya ne, ko zai zo. Tun daga ranar na ware mata ɗan kwano mai murfi a kicin, na ce duk abin da take son ajiyewa ta sa a ciki, babu mai taɓawa. Ta yi wata uku tana leƙa kwanon nan kafin ta manta da shi. A gidan marayu na sake ganin irin haka sau ba adadi: ɓoye abinci, ɗaukar abin da ba nasa ba, ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, shiru na kwana da kwanaki, ko manne wa duk baƙon da ya shigo. Tsoro ne ke kawo su, kuma duka yana ƙara shi. Abin da ke kashe tsoron shi ne yaro ya ga gobe ta zo daidai da jiya: abinci a kan lokaci, wurin kwana ɗaya, fuska ɗaya ta tashe shi da asuba.

Ki bar shi ya yi maganar ubansa. Mu mun saba cewa "yi shiru, yi masa addu'a" mu rufe zancen. A yi addu'ar, amma a ba shi labari: yadda uban ke dariya, abincin da yake so, ƙiriniyar da ya yi yana yaro. Uwarsa kuma, in tana raye, kada ki tsaya tsakaninsu ko da kin ga laifinta. Ki kai su hutu, ki ba su waya su gaisa.

Kalmar maraya kada ta zama sunansa a gidanki. Baƙi za su zo su ce "Allah sarki, wannan ne marayan?" a gabansa. Ki amsa da sunansa, ki ce ɗana ne wane, ki canja magana. Yara suna ganin bambanci a inda manya ba sa kula: wa aka yanka wa tsoka, wa aka ba ƙashi, wa ake aika cikin rana, wa ke wanke-wanke kullum. Kayan salla ni daga turmi ɗaya nake yanka wa mata, shadda ɗaya ga maza, tela ɗaya. Aikin gida na rubuta shi a jikin ƙofa ana juyawa. Ba na ɗora wa 'yar riƙo talla, kuma ina roƙonki kada ki yi. A ɗaya gefen kuma akwai riƙon sakainar kashi da ake yi da sunan tausayi, a ƙi tsawata masa, a ce ai maraya ne. Aya ta 9 a Suratud Duha ta hana a danne shi da wulaƙanci, ba ta hana a yi masa tarbiyya ba. Abin da za ki hana ɗanki ki hana shi, da murya iri ɗaya.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, amma dole a yi ta. Riƙo ba ya mayar da yaro muharrami. 'Yar ɗan'uwanki ba muharramar mijinki ba ce, kuma ita da 'ya'yanki maza aure ya halatta a tsakaninsu. Abin da ke kawo muharramci shi ne shayarwa a cikin shekara biyun farko, kuma a Malikiyya ko kaɗan ya sha ya isa. Idan jariri ne kuma kina da nono, ki shayar da shi da sanin maigida, a sanar da dangi don a kiyaye gaba. Idan sun wuce haka, a raba makwanci tun suna kusa da shekara goma, a kiyaye sutura da shiga ɗaki. Ki koya wa yarinya, da yaron ma, cewa duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba, ko wane ne shi a gidan, su gaya miki, kuma za ki yarda da su. Mai ɓarna yana neman yaron da ya san babu mai tsaya masa.

Makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi a makarantun gwamnati. Amma na koyar shekaru da yawa, na san abin da ke korar yaro daga aji: yunifom da ya yage, takalmi, littafin rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, da kuɗin tara. Yaron da ke zaune yana kallon 'yan'uwansa suna sayen awara shi babu ko sisi, sati biyu zai yi ya fara laɓewa a hanya. Ki sa waɗannan ƙananan a cikin lissafi tun farko.

Kada sati biyu su wuce bai koma aji ba. Ki kai shi da ƙafarki, ki ga hedimasta, sannan ki keɓe da malamin ajinsa ki gaya masa halin da ake ciki, ki roƙe shi kada ya sanar a gaban aji. Ki bar lambar wayarki. Kafin a ba shi aji, ki gwada shi da kanki a gida: ki ba shi littafin Hausa ya karanta miki layi biyar, ki ba shi lissafin tarawa da ɗebewa. Babban namu ya zo mini da takardar aji biyar, amma karatun 'yan aji uku yake yi. Na mayar da shi aji huɗu, ya yi fushi da ni har sati guda, na riƙa zama da shi minti talatin bayan magariba kullum. Gara ya maimaita a firamare da ya je sakandare yana kwafar abin da bai iya karantawa ba. Makarantar da 'ya'yanki ke zuwa ita zai je. Idan ƙarfinki bai kai ki sa su duka a ta kuɗi ba, ku zauna da dangi a cike giɓin, ko a nemi wadda kowa zai iya shiga. Naki a mota, shi a ƙafa zuwa wata daban, wannan ba ya goguwa a zuciya. Islamiyya ko makarantar allo ta unguwa, yana kwana a gida, ita ma haka. Amma tura maraya ɗan shekara bakwai almajiranci wani gari don a rage baki a gida, ban ga lada a ciki ba.

Makarantar kwana sai ya kai sakandare, kuma sai ya zauna da gindinsa a gidanki tukuna, in ba haka ba zai ɗauka korarsa aka yi. Idan ya tafi, ranar ziyara ta zama farilla a kanki. Na taɓa zuwa ziyarar babban namu na ga wani yaro zaune a gindin darbejiya kusa da ƙofa tun safe, ya yi wanka ya sa farin kaya, yana duba kowace mota. Har muka tashi da yamma babu wanda ya zo masa. Muka kira shi ya ci da mu, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Ko garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu kaɗai gare ki, ki je. Idan ba za ki iya ba, ki tura wani da sunanki. A lokacin hutu kuma a haɗa masa da sana'a, ɗinki ko gyaran waya ko walda ko saƙa, domin shi ba shi da shagon uba da zai faɗa idan takarda ba ta yi ba.

Idan sai gidan marayu

Akwai yaran da babu dangin da za su karɓe su, kuma dominsu gidajen nan suke, irin na gwamnati da ke Nasarawa a Kano da na ƙungiyoyi. Na ga mata masu aiki a ciki da suka ba da rayuwarsu, ina girmama su. Amma mace ɗaya ba za ta iya zama uwa ga jarirai goma ba, kuma idan lokacin tashinta ya yi wata ce za ta karɓa. Binciken da aka yi a Bukares ta ƙasar Romaniya a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa yaran da aka fitar daga gidajen marayu aka ba iyalai riƙo sun fi waɗanda aka bari ci gaba a hankali da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Abin da idona ya gani bai saɓa wa wannan ba. Shi ya sa jariri, in da hali, gida ya kamata a nema masa da wuri.

Idan za ki kai yaro ko za ki taimaka wa wani gida, ki je ba tare da sanarwa ba. Ki nemi ganin takardar rajistarsu da gwamnatin jiha. Ki shiga kicin da banɗaki kafin ofis. Ki ƙirga yara nawa ke hannun mai reno ɗaya da dare, ki tambayi shekara nawa ta yi a wurin. Kowane yaro yana da fayil da akwatin kayansa? Suna fita makarantar unguwa su cuɗanya da sauran yara, ko komai a cikin katanga ake yi? Ana barin dangi su zo, ana neman su? Tambayar da ta fi duka ita ce, ina waɗanda suka girma a nan suke yanzu? Gidan kirki zai lissafa miki su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ƙungiyar SOS, wadda ta faro a Ostiriya a 1949 kuma take da gidaje a Legas da Gwagwalada da Jos, shi ne a raba yara ƙananan gidaje, kowane da uwa ɗaya tsayayya, kuma ba a raba 'yan'uwa. A Maiduguri kuwa, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36, tana ba marayu karatu da abinci da yunifom da magani kyauta, 'ya'yan sojoji da 'ya'yan 'yan Boko Haram a aji ɗaya, tana kuma tallafa wa iyayensu mata da sana'a. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne bai manta da matan da aka bari da yaran ba.

Masu kai taimako, a watan azumi shinkafa da taliya har rasa wurin ajiya ake yi, bayan salla kuma sai shiru. Ki tambayi abin da suke buƙata kafin ki saya. Sau da yawa madarar jarirai ce, audugar mata, kuɗin jarrabawa ko albashin mai reno. Kada ki jera yara riƙe da kwali ki ɗauke su hoto ki sa a Facebook. Za su girma, hoton yana nan. Idan za ki iya, ki ɗauki yaro ɗaya ki riƙa zuwa masa duk wata, shekara da shekaru, ki san ajinsa da girman takalminsa.

Dukiyarsa

Nan ne mutanen kirki ke zamewa ba su sani ba. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake zuba wa cikinsa. A raba gado da wuri, a gaban alƙali ko malamin da ya san fannin, a fitar wa matar tumuninta, a san rabon kowane yaro da sunansa. Idan mamacin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ko na kamfani, a bi kuɗin fanshonsa da na inshorar rai, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara. Za a nemi takardar rasuwa da takardar kotu. Abu biyu kuma da mutane ba su cika sani ba. Ɗan riƙo ba ya gadonki ta hanyar riƙo, don haka in kina son ya samu wani abu ki ba shi kyauta tun kina raye, ko ki yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Haka jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan idan akwai baffanni. Mahaifinmu da aka fahimtar da shi wannan, ya kira shaidu ya yi wa yaran wasiyyar gona ɗaya.

Ni littafi na saya mai bango mai tauri, na raba shi uku, kowane yaro da shafukansa. Kuɗin hayar shagon ubansu idan ya shigo in rubuta, abin da aka cire na magani ko jarrabawa in rubuta in manna rasit. Kuɗinsu bai taɓa kwana a jaka ɗaya da nawa ba, kuma ban ranta wa kowa ba, har yayana da ya nema ya ji haushi. Duk shekara bayan babbar salla nakan buɗe littafin a gaban baffansu da kawunsu. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a riƙa jarraba su, idan sun balaga kuma an ga hankali a miƙa musu, a kafa shaidu. Na fara da ba babban kuɗin cefanen sati in ga yadda zai yi, daga baya na bar masa karɓar hayar shagon yana kawo mini lissafi.

Da ya cika shekara ashirin da ɗaya muka kira shaidu biyu da uwarsa, na miƙa masa shafukansa da takardar shagon, ya karanta ya sa hannu. Na haɗa masa da wata jaka da na ɓoye tun ranar sadakar bakwai, kafin a raba kayan sawa: hular ubansa zanna, agogonsa da ya tsaya, allonsa na yarinta, da hotuna huɗu. Ke ma ki ware irin wannan tun yau, kowane yaro da nasa, kafin kaya su watse a hannun dangi. Na ƙannensa biyu suna nan a ƙasan akwatina, kowace jaka da suna a jiki.